Kitso da Ƙwarƙwata: Tsohuwar Kwalta da Tsatsa a Kogon Tayar Mota

Sanin kowa ne cewa yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano da Zariya da Maraɗi ba sababbi aka sayo su ba. Motoci ne da suka yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, shi ya sa jama'a ke kiransu 'yan Baljiyam. Mai saye yakan duba inji da kujeru da ƙyallin fenti, amma da wuya ya durƙusa ya leƙa kogon nan da ke saman taya, a ƙarƙashin madigadi. Alhali a can ne cutar da ke kashe irin waɗannan motoci takan ɓuya.

A ƙasashen sanyi ana barbaɗa gishiri a kan hanya da hunturu domin ya narkar da ƙanƙara. Taya kuwa aikinta ke nan ta riƙa watsa wannan ruwan gishiri da tsakuwa cikin kogon. Domin kare ƙarfen, masu ƙera motoci suna fesa masa wani baƙin shafe mai kauri, wani na kwalta, wani na roba irin ta PVC, wani kuma na kakin da aka gauraya da mai. Shafen yana aiki muddin yana manne da ƙarfe. To amma bayan shekara 15 ko 20 yakan bushe, ya tsattsage, ya ɗago. Daga nan mai gadi ya zama ɓarawo, domin ruwa zai shiga ta tsagar ya kwanta a bayansa, inda rana da iska ba sa isa su busar da shi.

Ɗalibin kimiyya ya san cewa tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: ƙarfe da ruwa da iskar oksijin. Gishiri yana hanzarta aikin, saboda ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da ruwan daɗi. Akwai kuma wani abin mamaki da masanin nan na Jami'ar Kambirij a Ingila, Ulick Evans, ya bayyana a shekarun 1920. Idan aka ɗiga ruwan gishiri a kan gogaggen ƙarfe, tsakiyar ɗigon, wato inda oksijin ya yi ƙaranci, ita ce take cinyewa ta yi rami. Ke nan wurin da aka rufe rabi da rabi ya fi wanda ke fili shiga haɗari. Daɗin daɗawa, tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta kumbura ta ƙara ɗaga shafen, ruwa ya ƙara samun hanya.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗabi'ar nan ta yaɓa sabuwar kwalta a kan tsohuwa ta zama kitso da ƙwarƙwata. Ido zai ga baƙi sumul, hankalin mai mota ya kwanta, ƙarfe kuwa yana ruɓewa a ciki. Kuma ba kyan mota kaɗai ke cikin haɗari ba. Ta wannan kogo bututun birki yake bi, a wasu motocin har da bututun zuba fetur, a nan ne kuma sifirin da shokazoba suke da mazauni. Bututun birkin da tsatsa ta ci yana iya fashewa daidai lokacin da direba ya taka da ƙarfi, da fasinjoji cike da mota.

Wani zai ce ai arewa ƙasar fari ce, babu ƙanƙara, babu gishiri a hanya. Gaskiya ne ƙarfe ya fi daɗewa a Sakkwato bisa ga Legas. Sai dai motar ta iso da gishirinta a maƙale, shi kuwa gishiri yana jawo laima daga iska da zarar danshinta ya haura kashi 75 cikin 100, abin da ba baƙo ba ne da damina. Ga taɓo, ga wankin mota kullum. Wani kuma zai kawo maganar kuɗi, ya manta cewa kankarewar yini ɗaya ta fi walda da sabon ƙarfe araha. Ba a ce kowane shafe sai an cire ba. Wanda ke manne daram, a bar shi. Wanda aka danna da sukurudireba ya ɓare ko ya yi taushi, shi ne ya wajaba a cire har sai an ga lafiyayyen ƙarfe.

Yadda za a cire shi ma kimiyya ne. Bayan an ɗaga mota an tokare ta da abu mai ƙarfi, domin jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, sai a cire taya a wanke taɓo. Kwalta tana laushi da zafi, don haka na'urar hura iska mai zafi da abin kankara sun wadatar. Sanyi ma yana aiki: busasshiyar ƙanƙara ta iskar kabon dayoksaid, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifiri, tana sa kwalta ta yi tauri ta farfashe kamar tangaran. Abin da ya rage na kaki da mai, tsumma da kananzir za su goge shi. Abu biyu ne ya kamata masu gyaran jikin mota su yi wa bankwana: wutar walda da fetur. Wuta kusa da bututun mai kasada ce, kuma PVC idan ta ƙone tana fitar da iskar haidirojin kulorayid mai ƙona huhu. Fetur kuwa tururinsa yana kamawa da ɗan tartsatsi, yana kuma ɗauke da benzin mai jawo sankarar jini. Wasu shafe-shafen na dā suna ɗauke da asbestos, saboda haka gurza su a bushe ba tare da rufe hanci ba ganganci ne.

Idan ƙarfe ya fito, sai a goge tsatsar da burushin waya da samfefa, a shafa ruwan fosforik asid wanda ke mayar da ragowarta baƙin fosfet mai karɓar fenti. Inda ya huje, a yanke a yi walda. Daga nan sai fentin farko mai zinki, wato ƙarfen da ake lulluɓe kwanon rufi da shi, wanda yake cinyewa a madadin baƙin ƙarfe. Sabon shafe shi ne na ƙarshe, kuma a kan busasshen ƙarfe kaɗai.

Ga malaman sakandare, wannan darasi ne da ba ya bukatar tsadadden kayan aiki. Ƙusa biyu da tsumma da gishirin miya sun isa: a tsoma duka biyun cikin ruwan gishiri, a naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, a bar ɗaya a fili, a duba bayan mako guda. Da yawa daga cikin ɗaliban yau su ne makanikai da direbobin gobe. Wanda ya ga abin da ya sami ƙusar da aka naɗe ba zai yarda a rufe masa tsatsa da kwalta ba.