Wane Ne Ya Kashe Wutar Tuwon Dare?

A ƴan shekarun nan wata magana ta yaɗu a Matamaye da kewayenta, ana jin ta a fadojin maza da wuraren ɗaurin aure, har ma a tarukan ƙungiyoyin raya al'adu: wai matan zamani, musamman waɗanda suka yi lakwal suka kama aikin gwamnati, su ne suka kashe tuwon dare. Wai malama da ungozoma da ƴar ofis ba su san muciya ba, sai shinkafa da mai da yaji, sai taliyar leda, ko a miƙa wa yaro dala ashirin ya je bakin titi ya sayi awara. Masu wannan magana sun faɗi rabin gaskiya, domin ko shakka babu tuwon dare yana ja da baya a gidajen ma'aikata masu ƙananan yara, kuma wannan babbar asara ce. Inda suka kauce hanya shi ne wajen nuna mai laifi. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Kafin a yanke wa kowa hukunci, ya kamata mai karatu ya tsaya ya ƙidaya abin da malmala ɗaya ke ci kafin ta shiga akushi. Daga damen hatsi sai sussuka da shiƙa, sai surfe da bakace, sai wanki da shanya, sai daka ko kai niƙa, sai tankaɗe. Wannan duk ba a ma hura wuta ba. Bayan nan a ɗora ruwa, a yi talge, a tuƙa, a bari ya sulala, a kwashe. A gefe guda kuma ga miya tana jiran a daka daddawa da barkono, a kaɗa kuka ko kuɓewa. Ga ɗebo ruwa, ga neman icce, ga wanke-wanke bayan an ci. Wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba ne kaɗai zai kira wannan ƙaramin aiki.

Abin tambaya a nan shi ne: a zamanin da ake ta yabo, mace ɗaya ce ke yin wannan duka? Ko kusa. A gidan gandu akwai matan wa da na ƙane, akwai kishiyoyi da ke karɓa-karɓar girki, wadda ta fita girki ta samu kwana biyu ta huta. Ƴan mata ke surfe da ɗebo ruwa, samari ke kawo icce da kara daga gona, kaka kuma na zaune bakin ɗaki da jariri a cinya. Tuwon da dattawa ke tunawa da daɗinsa aikin hannu goma ne, ba don matan da sun fi na yanzu ƙashi ba.

To, sai a dubi gidan ma'aikaci a yau. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka fara ɗaukar malamai ƴan kwantaragi da yawa, mata suka cika azuzuwan firamare na ƙasar nan. An turo miji da mata aiki Matamaye ko Kance ko Dungu, nesa da danginsu, sun kama hayar ɗaki biyu, ga yara uku ko huɗu, babba bai wuce shekara bakwai ba. Uwar ta wuni a tsaye gaban allo da goyo a baya, ta dawo da tarin littattafan da za ta gyara da darasin gobe da za ta shirya. Ƴar da a da za ta kama mata surfe tana aji, kuma nan ne wurinta, tun da dokar watan Disamba na 2017 ta tanadi a kare karatun ƴa mace, kuma malaman nan ne ke bin ƙauyuka suna roƙon iyaye su bar ƴaƴansu mata a lakwal. Ba ya yiwuwa a nemi yarinya a kan benci, a kuma neme ta a bakin turmi a lokaci guda. Wasu sun ga mafita ita ce a ɗauko ƴar talaka mai shekara goma daga ƙauye ta zama ƴar aiki. Wannan sauke kaya ne daga kan babba a aza wa ƙarami, kuma abin kunya ne a same shi a gidan mai koyarwa.

Kalmar ragwanci kuwa, wannan yanki ne wuri na ƙarshe da ya kamata a furta ta. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, 7 maza, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma akasarinsu ƴan gundumar Kance ne. Abin sa wa a tukunya matan nan suka fita nema. Duk abin da za a ce game da wannan tafiya mai haɗari, macen da ta ratsa Sahara da goyo domin cikin ƴaƴanta ba a kiran ta raguwa.

Yanzu sai a juyo ga mai ƙorafin. Ina yake tsakanin la'asar da isha'i, lokacin da tukunya ke bisa wuta, jariri na kuka, na tsakiya na jan zane, babban na neman a duba masa aikin gida? Yana fada. An ɗora shayi na ɗaya, za a jira na biyu, ba a tashi sai an sha na uku, kuma lokacin da wannan ke ci ya isa a tuƙa tuwo a kaɗa miya har a kwashe. Sau da yawa a nan ake aika yaro wurin mai tsire ko mai balangu, a ci nama a goge baki, alhali miyar gida ba ta ga ko ƙashi ba. Kuɗin cefanen da aka bari da safe kuwa shi ne dai na shekarun baya, kamar farashin tiyar hatsi bai taɓa motsawa ba. Mutumin da ya yi haka, sa'an nan ya shigo da dare yana tambayar ina tuwo, ba al'ada yake karewa ba, cikinsa yake karewa.

Gaskiya ne al'adar Bahaushe ba ta san uba da uwa da yara kewaye da tebur ba, irin hoton da ake gani a littattafan koyon Faransanci. Maigida a zaure ko ƙofar gida yake ci, tare da maƙwabta, kowa ya fito da akushinsa a yi ciyayya. Amma fa yana ƙofar gidansa. Ya san abin da aka dafa, ya san ko miya ta yi ruwa, domin maƙwabta za su sa hannu a ciki, kuma sauran da ya rage yaransa ne za su suɗe. Ciyayya ta sa rowar maigida ba ta ɓoyuwa. Fada kuwa ta raba cikin uba da cikin ƴaƴansa.

Akwai kuma wani ɓangare da ke cewa a daina wahalar da kai, zamani ya zo da sauƙi, ciki dai a cika shi. Su ma ba a bar su ba. Cikin ƙaramin yaro ɗan mitsitsi ne, saboda haka duk lomar da ta shiga ya kamata ta kasance mai amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla rukuni 5 daga cikin rukunan abinci 8 a kowace rana. Binciken abinci mai gina jiki na 2022 ya nuna kusan rabin yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma jahar Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Wannan na faruwa ne a yankin da fadamun Ƙorama ke fitar da rake da kabeji da tumatir da albasa mota-mota, yankin da ya yi suna a noman gyaɗa har aka taɓa kafa masana'antar tatsar mai a Matamaye. Hatsi ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Kuka da zogale da wake da ƙuli-ƙuli suna da abin da taliyar leda ba ta da shi. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, alhali hukumar nan ta ce ko babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin girmama gero da danginsa, abin da ke cikin rumbunan Kance ne duniya ta yaba.

Shekarar nan ta 2023 ta zo da wani darasin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli an rufe iyakoki, hanyar Ɗan Barto zuwa Daura ba ta buɗe ba sai a watan Maris na 2024, farashin shinkafa da kayan leda ya yi tashin gwauron zabo. Gidan da yaransa suka saba da tuwo da ɗan wake da dambu ya fi jure wannan matsi a kan gidan da tukunyarsa ke jiran abin da mota za ta kawo.

Asarar ba ta tsaya ga jiki ba. A bakin akushi yaro ke koyon wanke hannu, da cin gabansa, da haƙuri har babba ya raba nama, bayan an ci kuma a shiga tatsuniya. A madafa yake jin muciya da mara da maburgi da rariya da faifai. Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Malamin Hausa da zai tsaya gaban aji yana zana maburgi a allo domin ɗalibansa ba su taɓa ganin sa ba, ya san doka kaɗai ba ta raya harshe.

Magani ba ya da nisa, sai dai yana neman a taɓa aljihu da lokacin maigida. A kai niƙan mako guda a tashi ɗaya, kuma shi ne mai babur, shi ya kamata ya kai. A tanadi garin kuka da busasshiyar kuɓewa da zogale tun suna araha. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 ana samun gas na gida, kuma tukunyar gas na rage hayaƙi da ɓata lokaci, tana kuma sassauta wa itatuwan gawo da manoman Matamaye da Magarya da Mirya suka yi suna wajen raya su a gonaki. Maigida ya ɗauki cefane da kansa ranar kasuwa domin ya san farashi da idonsa. Ya ba gidansa sa'a ɗaya bayan magariba, ya riƙe jariri, ya duba aikin gida na yara. Fada ba za ta gudu ba. A koya wa ƴaƴa maza hura wuta da wanke kwano, tun da masu tsire da masu shayi da masu burodi duk maza ne, kuma ba wanda ya ce sun zubar da girma. Maƙwabta ma'aikata biyu ko uku na iya yin karɓa-karɓar girki kamar yadda suke zubin adashi, su maido da hannuwan da gandu ya tafi da su.

Ga ƙungiyoyin raya al'adu kuwa, jera akushi da ƙwarya a rumfar baje koli sau ɗaya a shekara ba ya ciyar da yaro. In da gaske ake son tuwon dare, to, a taro na gaba a bar zancen matan zamani, a tambayi kowane namiji da ke zaune nawa ya bari na cefane, da kuma inda ya yi magariba jiya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne a wurin ci. A wurin dafawa ma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.