Kafin Ka Ɗora Ragunanka Zuwa Sabha

'Yan'uwa fatake, shanunmu kudu suke yi, ta Mai'adua da Illela da Maigatari, amma raƙuma da raguna arewa suke nufa. Daga Agadas zuwa Sabha tafiyar ta wuce kilomita 1,500, ta Dirku da Madama da Tummo da Gatrun, galibi cikin yashi. Wanda ya taɓa sauka unguwar Jadid, tsohuwar unguwar Sabha, yana jiran motarsa kwana da kwanaki, ya san abin da muke nufi.

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana jirage zuwa Libiya a 1992, gingimari ya ƙara daraja a wannan hanya. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 kuma sai shingaye suka yawaita, kowane da masu shi. Amma har gobe wasunmu da fatar baki suke miƙa wa direba dukiya. Haba jama'a!

Mu dai ra'ayinmu shi ne a bi ta hannun mai fiton kaya wanda aka san ofishinsa. Shi zai nemo mota mai lafiya, ya karɓo takardar likitan dabbobi, ya gama da kwastan, ya tanadi ruwa da harawa a zango, ya kuma sa wakilinsa ya ƙirga dabbobi wurin saukewa. Sannan ya samar wa motar lodin dawowa, taliya ko dabino. Motar da ba za ta komo fanko ba, kuɗinta ya fi sauƙi.

Wani zai ce kamashonsu ya yi tsada, kuma iyayenmu da amana suka yi fatauci. Gaskiya ne. To amma in mota ta lalace bayan Dirku raguna suka mutu, ko ta iso bayan Babbar Salla kasuwa ta watse, wa zai biya? Araha ba ta ado.

Su ma masu fiton ba duka ne na Allah ba. Don haka a rubuta komai gaban shaidu: yawan dabbobi, kuɗin mota, ranar isa, da wanda asara za ta hau kansa. Kada a cika kuɗi sai kaya sun sauka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su fitar mana da takardar yarjejeniya iri ɗaya, da Hausa da Larabci da Faransanci. Allah Ya kiyaye hanya, amin.