Mun Tura Jarumi Faransa Karatu, Amma Wane Gari?

 Yau kanmu za mu yi wa faɗa.

Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a littattafan da muke sakewa a WhatsApp da Wattpad. Da zarar labari ya cije mana, sai mu ɗauki jarumi mu cilla shi Faransa karatu. A wannan shafin ya hau jirgi a Kano, a na gaba ya dawo da digiri, ya yi haske, yana ƙamshin turare. Shekara huɗu cur, amma ba mu faɗi garin da ya zauna ba, balle abin da ya ci ko wanda ya ɓata masa rai. Mun mayar da ƙasa guda ɗakin ajiya, inda muke ɓoye saurayi har a gama ɗaura wa budurwarsa aure da wani. Wannan lalaci ne, kuma raina mai karatu ne.

Mu ɗauki gari ɗaya mu ga abin da muke zubarwa. Ga Lyon, tafiyar kamar awa 2 daga Paris a jirgin ƙasa mai gudu. Koguna biyu, Rhône da Saône, sun ratsa garin sun haɗu a kudancinsa. A unguwar Croix-Rousse da ke kan tudu masaƙan siliki suka yi bore a 1831 saboda ƙarancin ladan aiki. A garin ne kuma 'yan uwan nan biyu, Lumière, suka ɗauki fim ɗinsu na farko a 1895. Wato yaron da ya tashi da finafinan Kannywood ya sauka a inda sana'ar ta samo tushe, mu kuwa ko a jikinmu.

Kafin ma ya tafi, da wane harshe zai yi karatun? Ɗan Damagaram ko Maraɗi ya taso da Faransanci tun firamare. Ɗan Katsina kuwa sai ya koya, ko a Alliance Française ko a ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, sannan ya bi ta Campus France neman gurbi da biza. In ya isa, ga neman ɗaki, ga sabunta takardar izinin zama, ga doka da ta ƙayyade wa ɗalibi baƙo awa 964 na aiki a shekara. Babi nawa ne a nan?

Sai yanayi. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, Azahar da La'asar da Magariba su taho a jere yana cikin aji. A Yuni kuwa sai tara da rabi na dare ake Magariba. Ranar Juma'a ranar karatu ce, to yaya zai kai kansa babban masallacin garin da aka buɗe a 1994? In kewar gida ta dame shi, unguwar Guillotière zai nufa, inda shagunan 'yan Afirka da Larabawa suke, ya nemi kuɓewa da naman halal. In kuwa jaruma ce mai niƙabi, dokar 2010 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, duk da cewa ana shiga jami'a da ɗankwali ko hijabi. Za ta cire, ko za ta haƙura da karatun? Me za ta faɗa wa mahaifinta a waya? Wannan rikicin kaɗai ya fi kishiya goma nauyi.

Mun san amsar da za a ba mu: ai ba mu taɓa zuwa ba. Gaskiya ne, yawancinmu ko fasfo ba mu da shi. Amma datar da muke ƙonawa a TikTok ta isa mu zaga titunan Lyon a Google Maps, mu kalli bidiyon ɗaliban da ke can, mu nemi wanda ya yi zaman ƙasar mu yi masa tambayoyi. Matambayi ba ya ɓata. Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 bai dawo ya ce mana ƙasar da kyau ya yi shiru ba, littafi ya rubuta, Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mu da duniya ke tafin hannunmu ba mu da hujja.

In binciken ya yi mana nauyi, mu tura jarumin Zariya ko Sakkwato, inda muka san kuɗin mota da ɗanɗanon abincin makaranta. Babu abin kunya a ciki. Abin kunyar shi ne ƙanwarmu ta karanta littafinmu ta ɗauka karatun waje hutu ne da sayayya, ta je ta tarar da sanyi da kaɗaici.

Aikin wannan mako: duk mai jarumi a ƙasar waje ya rubuta mana shafi ɗaya na ranarsa ta farko a garin, da sunan unguwa da abin da ya ci da dare. A ajiye a ƙasa, za mu duba tare.