FAGEN WASANNI: Kafin A Kori Gola, A Dubi Mai Lamba 6

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wata muhawara da ba ta ƙarewa a majalisun shan ataya na Nima da Mamobi, wato maganar sayen sabon ɗan wasa. Duk ranar da aka zura wa Hearts of Oak ko Asante Kotoko ƙwallaye biyu ko uku, ko kuwa aka lallasa Black Stars, hukuncin majalisa ɗaya ne: gola ba shi da hannu, 'yan baya sun mutu, a sallame su a sayo waɗansu. Ni kuwa a nawa ganin, sau da yawa laifin yana gaba da su kaɗan, a wurin da mutum ɗaya tak zai iya gyarawa idan an dace da shi. Wannan mutum shi ne ɗan tsakiya mai tsaro, wanda muka fi sani da mai lamba 6.

Bari mu fara da fahimtar wurin. Tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya akwai wani fili wanda idan ɗan wasan abokan karawa ya karɓi ƙwallo a cikinsa, ya juyo yana fuskantar raga, ya taho a guje, to ya jefa 'yan baya cikin tsaka mai wuya. Idan ɗaya daga cikinsu ya fito ya tare shi, ya bar rami a bayansa, sai a zura ƙwallo ta nan. Idan kuma suka ci gaba da ja da baya, sai ya iso bakin da'ira ya narka. Mai kallo yana ganin ƙwallo a raga, sai ya zagi gola, alhali kuwa tun daƙiƙoƙi kaɗan kafin nan aka riga aka ci wasan a tsakiyar fili. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan fili shi ne tsagar, mai lamba 6 kuwa shi ne magini.

Aikinsa huɗu ne. Na farko, tsayuwa a inda ya kamata tun kafin ƙwallo ta zo, ta yadda mai neman miƙa ƙwallo ta tsakiya zai ga hanya a toshe ya mayar da ita gefe, inda hatsarinta bai kai ba. Na biyu, jinkirta mai gudu. A lokacin da ƙungiya ta kai hari aka ƙwace mata ƙwallo, 'yan wasanta shida ko bakwai suna can gaba, shi ne zai tsaya gaban mai ƙwallo yana ja da shi sannu-sannu, ba tare da ya zube ƙasa da wuri ba, har 'yan'uwansa su dawo. Na uku, rufe gurbin da wani ya bari, musamman idan ɗan baya na gefe ya haura. Na huɗu, idan ya karɓe ƙwallo ya miƙa ta cikin sauƙi ga na kusa da shi, domin ƙwallon da aka ƙwato aka sake zubarwa nan take ta fi kowace hatsari. Ba a cika tafa wa ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba, shi ya sa mai kallon da idonsa ke bin ƙwallo kawai zai iya gama wasa bai san da mutumin a fili ba.

Gani ya kori ji, saboda haka ga misali daga ɗanmu na gida. An haifi Salis Abdul Samed a nan Ankara a shekarar 2000, ya koyi ƙwallo a makarantar JMG, daga nan ya tafi ƙungiyar Clermont ta ƙasar Faransa. A tsakiyar shekarar 2022 ƙungiyar Lens, wadda ke wani gari da a da ake haƙar kwal a cikinsa a arewacin Faransa, ta sayar da ɗan tsakiyarta Cheick Doucouré, ɗan ƙasar Mali, ga Crystal Palace ta Ingila, ta kuma ɗauko Salis ya maye gurbinsa. A kakar wasan da ta gabaci zuwansa, wato 2021 zuwa 2022, Lens ta ƙare ta 7 a lig, an zura mata ƙwallaye 48 a wasa 38. A kakar farko da ya buga musu, ƙwallaye 29 kacal aka zura musu, mafi ƙaranci a duk gasar, suka ƙare na 2 da maki 84, maki ɗaya tak a bayan Paris Saint-Germain mai su Messi da Mbappé da Neymar. Da haka suka koma gasar zakarun Turai bayan kimanin shekara 20 ba su leƙa ta ba.

Yaya aka yi haka? Kocinsu na lokacin, Franck Haise, yana wasa ne da 'yan baya uku, da 'yan gefe biyu masu hawa da sauka, da 'yan tsakiya biyu. Ɗaya daga cikin biyun shi ne kyaftin Seko Fofana na Kwaddibuwa, mutum mai son ɗaukar ƙwallo ya kutsa gaba. Tsari irin wannan yana da daɗin kallo, amma idan 'yan gefe sun haura, Fofana ma ya haura, to tsakiya ta zama kango sai fa idan akwai wanda ya yarda ya zauna gida. Salis ya yarda. Zamansa ya ba Fofana damar tafiya da kwanciyar hankali, ya kuma sa 'yan bayan ba sa fitowa daga layinsu ba gaira ba dalili.

Ranar da aka fi gane amfaninsa ita ce ranar da aka rasa shi. A watan Afrilu na 2023 Lens ta je Paris, ita da ta doke Paris Saint-Germain da ci 3 da 1 a ranar 1 ga Janairu na wannan shekara. Wasa yana tafiya babu ci, sai alƙali ya ba Salis jan kati tun kafin a cika minti 20, saboda ƙetar da ya yi wa Achraf Hakimi. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura musu uku, Mbappé da Vitinha da Messi, aka tashi 3 da 1. Gaskiya ne duk ƙungiyar da ta koma mutum 10 a gaban irin waɗannan za ta sha wuya. Amma a tuna cewa da maki ɗaya kofin ya kuɓuce musu. A nan akwai darasi ga duk yaron da ke son wannan lamba: ƙarfin da babu natsuwa a cikinsa yana iya rusa aikin shekara guda a cikin daƙiƙa ɗaya.

To sai dai kada wani ya ɗauka ina cewa mutum ɗaya ne ya rage ƙwallaye 19 shi kaɗai. A wannan lokaci ne Lens ta ɗauko gola Brice Samba daga Nottingham Forest, ga kuma Kevin Danso, wanda iyayensa 'yan Gana ne amma yake buga wa Ostiriya, yana tsakiyar 'yan baya, ga koci wanda ya daɗe da ƙungiyar kowa ya san abin da ake so ya yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hujjar wannan kuwa tana cikin abin da ya same mu a Ƙatar.

A gasar cin kofin duniya ta 2022, Salis ɗin nan dai shi ne a tsakiyar Black Stars tare da Thomas Partey, amma aka zura mana ƙwallaye 7 a wasa 3: Fotugal uku, Koriya ta Kudu biyu, Yurugwai biyu. Ku tuna wasan Fotugal na ranar 24 ga Nuwamba. André Ayew ya farke, muna cikin murna, sai aka zura mana biyu a cikin 'yan mintoci, João Félix da Rafael Leão, dukansu kuwa daga ƙafar Bruno Fernandes, wanda ya sami sararin ɗaga kai ya zaɓi inda zai aika. Ɗan wasa ɗaya, kaka ɗaya, sakamako biyu. Bambancin shi ne a Lens yana atisaye da abokan wasansa kullum, a Black Stars kuwa sabon shiga ne, kwanaki kaɗan suka yi tare kafin gasar. Mai lamba 6 yana aiki ne da sanin halin na kusa da shi: wane ne zai haura, wane ne ke jinkirin dawowa, wane ne ke zubar da ƙwallo idan an matsa masa. Wannan sani ba a saye da kuɗi, sai da zama tare.

Yanzu mu dawo gida. A watan Fabrairu na 2022 Hearts of Oak ta ɗauko Sulley Muntari yana da shekara 37, mutumin da ya ci kofin ƙalubale na Ingila da Portsmouth a 2008, ya kuma ci kofin zakarun Turai da Inter Milan a 2010. Zuwansa ya jawo 'yan kallo filin wasa, matasan ƙungiyar sun ƙaru da gogewarsa, kuma a wannan shekara Hearts ta doke Bechem United da ci 2 da 1 ta riƙe kofin ƙalubale. Amma kofin lig, wanda ake ci da juriyar mako bayan mako, Kumasi ya tafi wurin Kotoko. Ba ina rage wa Muntari daraja ba ne, domin ya yi abin da aka kawo shi ya yi. Abin da nake nufi shi ne, suna daban, toshe rami daban, kuma wajibi ne shugabannin ƙungiya su san wanne suke saye kafin su buɗe jaka.

Saboda haka ga tambayoyi uku da nake ba shugabannin ƙungiyoyinmu shawara su yi, tun daga manya har zuwa na rukuni na biyu da ke unguwanninmu. Ta farko, ta ina ake cin mu? A zauna a lissafa ƙwallayen da aka zura mana a kakar da ta wuce. Idan yawancinsu daga bugun kwana ne ko ƙwallon sama, to dogon ɗan baya muke bukata, mai lamba 6 ba zai yi maganin wannan ba. Idan kuwa yawancinsu daga harin ba-zata ne ta tsakiya, to ga inda kuɗi ya kamata su tafi. Ta biyu, wane ne zai tsaya kusa da shi? Idan abokin nasa mai son tafiya gaba ne, a nemo mai haƙurin zama. Idan aka haɗa masu son tafiya biyu, an sayi kyan gani ne an bar gida a buɗe. Ta uku, yaushe zai iso? Wanda aka kawo ana saura mako ɗaya a fara lig, kada a yi tsammanin abin mamaki daga gare shi a watan farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma idan za a je gwada shi, a bar kallon ƙwallo na minti goma a kalle shi shi kaɗai: ina yake tsayawa idan ƙungiyarsa na kai hari, yana waiwaye, yana yi wa 'yan'uwansa magana?

Magana ta ƙarshe ta masu horar da yaranmu na kolts ce da kuma iyaye. Duk wanda ya je filin Kawokuɗi da yamma zai ga yadda kowane yaro ke son zama Mohammed Kudus, kuma ba laifi, domin ɗan Nima ne, a ƙungiyar Strong Tower ya fara, ya bi ta Right to Dream da Nordsjaelland da Ajax har ya kai Ingila a 2023, kuma duk mun ga ƙwallaye biyun da ya ci Koriya ta Kudu. Amma ƙungiya ba ta ɗaukar masu lamba 10 guda goma sha ɗaya. Abin da aka saba yi shi ne a tura yaron da bai iya yanka ba, ko wanda ya fi jiki, a ce ya je tsakiya ya yi ta sara. Wannan kuskure ne. Wurin nan na yaro ne mai lura, mai sanyin kai, wanda ke ganin abu kafin ya faru. Duk malamin aji ya san irin wannan yaro: ba shi ne mai yawan ɗaga hannu ba, amma idan ka tambaye shi abin da ya faru a aji, zai faɗa maka daki-daki. N'Golo Kanté ba dogo ba ne, ba ƙato ba ne, amma Leicester ta ɗauko shi daga Caen a 2015 ta ci lig ɗin Ingila a 2016, Chelsea ta saye shi ita ma ta ci a 2017.

Idan mai horarwa ya sami irin wannan yaro, ya koya masa waiwaye kafin ƙwallo ta iso shi, ya koya masa tsayuwa da ƙafafunsa maimakon zubewa, ya kuma yaba masa a gaban 'yan'uwansa ranar da aka tashi ba a zura musu ko ɗaya ba, kamar yadda ake yaba wa wanda ya ci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye kuma kada su ga ɗansu ba ya cin ƙwallo su ɗauka ba shi da makoma, kuma kada a bari ƙwallon ta raba shi da boko da makarantar allo, domin wannan lamba ta mai tunani ce.

Masu ra'ayi a kan wannan batu, musamman masu horar da yara a Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, muna maraba da wasiƙunku ta hannun edita. Allah ya albarkaci yaranmu, ya kare su daga rauni. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.