Kada Mu Sa Wa Ƙauyenmu Lambar Birni

'Yan'uwa manoma, akwai wata taswira a intanet mai suna OpenStreetMap. Wani Bature, Steve Coast, ya fara ta a Ingila a 2004, kuma aikin gayya ce, kowa yana iya sa hanya, ko rijiya, ko kasuwar garinsu. Samarinmu masu wayar hannu sun shiga wannan gayya, muna yaba musu. Amma gine-gine da yawa suna nan a taswirar ba lambar yanki ta gidan waya, watau lambar nan da takardun banki da na aika kaya sukan tambaya.

A Nijeriya lambar tana da alƙaluma shida. Uku na farko suna nuna gundumar da za a tura wasiƙa, uku na ƙarshe kuwa wurin da za a sauke ta. Babban gidan waya na Kano 700001 ne, na Kaduna 800001, na Jos 930001.

To, ga inda damuwarmu take. Idan mutum bai san lambar garinsu ba, yakan ɗauki ta babban birnin jiha ya rubuta, don dai kada a bar gurbi. A takarda guda, ɓarnar kaɗan ce. A taswira kuwa, wanda ya zo daga baya zai gaskata ya kwafa, wani ma ya kwafa daga gare shi. Sai a wayi gari ɗakin ajiyar ƙungiyarmu yana ɗauke da lambar tsakiyar Jos, alhali tafiyar rabin yini ce tsakaninsu. Ƙunshin irin kayan lambu da ya yi yawon neman mai shi har lokacin shuka ya wuce, wa zai biya? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gurbin da aka bari, kowa ya gan shi ya san da sauran aiki, amma lambar ƙarya tana kama da aikin da aka gama.

Kada kuma a kwafo daga Google Maps, gama ƙa'idar masu taswirar ta hana ɗaukar kayan wani ba da izini ba.

Shawararmu ita ce, ran kasuwa magatakardan kowace ƙungiya ya biya gidan waya mafi kusa ya tambayi lambar gundumarsu. Ya lura kada a ba shi lambar akwatin wasiƙa, wannan dabam ce. Ya rubuta a littafin ƙungiya, sa'an nan ya ba yaran su sa wa ɗakin ajiya, da makaranta, da ɗakin shan magani. Gidajen mutane kuwa, a tambayi masu gida tukuna.