Ciwon hanta a Toranke: Kwalbar "wankin hanta" ba ta goge tabo

A garuruwa irin su Toranke da ke Ƙaramar Hukumar Ajingi, ciwon hanta ba kasafai yake shiga gida da sunansa ba. Wani lokaci yakan zo a matsayin shawarar da ta ƙi jin magani, wani lokaci kuma a ga magidanci cikinsa na ƙara girma alhali wuyansa da damatsansa na ramewa. Kafin a kai ga likita an sha jiƙo iri-iri, an yi zargin sammu, an sayar da akuya da buhun gero. Sai a ƙarshe, bayan an ɗauki hoton ciki a Gaya ko a Kano, a ji cewa hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, abin da likitoci ke kira sirosis.

A 'yan shekarun nan an samu ƙari a kan saiwoyi da sassaƙen da aka gada. Shagunan magani da masu talla a Facebook da TikTok sun cika da kwalabe da ƙwayoyin "wankin hanta", wasu haɗin gida, wasu kuma daga Indiya, ɗauke da sunan Ayurveda, wato tsarin maganin gargajiyar ƙasar. Alkawarin duk ɗaya ne: a sha na wata ɗaya ko biyu, hanta ta koma sabuwa. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, don haka ba a ga laifin majinyaci ba. Sai dai wannan alkawari yana cinye kuɗi, yana kuma cinye lokacin da ya fi kuɗin tsada.

Dalilin yana cikin yadda cutar take. Hanta na tace jini, tana sarrafa abinci da duk maganin da aka haɗiya, tana kuma samar da sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Idan wani abu ya daɗe yana cutar da ita shekara da shekaru, naman da ya mutu sai tabo ya maye gurbinsa. Tabon na toshe hanyar jini, daga nan ruwa ya taru a ciki, jijiyoyin maƙogwaro su kumbura har su fashe a yi aman jini, dattin da hanta ta kasa tacewa kuma ya hau ƙwaƙwalwa, majinyaci ya riƙa barci da rana yana surutai, a ɗauka iskokai ne. Tabo ba datti ba ne da za a ɗauraye. Abin da ake iya yi shi ne a tsayar da abin da ke haddasa shi, a kare ragowar hantar, kuma mutane da dama kan yi shekaru masu yawa a haka cikin ƙoshin lafiya gwargwado.

A Turai giya ce kan gaba wajen lalata hanta. A ƙasar Hausa babban mai laifin shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ita, kashi 1.1 kuma na ɗauke da nau'in C. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan biyu sun kashe mutum miliyan 1.3 a 2022, kusan 3,500 a kullum. Yawancin masu nau'in B sun same ta ne tun suna jarirai ko yara, daga uwa lokacin haihuwa, ko ta askar da aka yi wa wani kaciya ko ƙaho ko tsaga da ita ba a sauya ba. Jaririn da ya kamu, sau tara cikin goma cutar na zama a jikinsa. Shi ya sa ake ganin mutumin da bai taɓa kusantar giya ba yana kwanciya yana ɗan shekara 35 ko 40, lokacin da gida ya fi buƙatarsa.

Wannan ƙwayar cuta tana da magani sananne. Tenofovir ƙwaya ɗaya ce a rana, tana danne nau'in B, kuma idan aka fara da wuri tana hana tabo ƙaruwa, har ma ya ragu a wasu. Nau'in C kuwa ana warkewa daga gare shi ɗungurungum da magani na kimanin mako 12. Babu wani ganye, na Indiya ko na dajin Ajingi, da aka tabbatar yana yin ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka biyu.

Indiya kanta ta ba da darasi. Ƙasar ta ɗauki Ayurveda da muhimmanci har ta kafa masa ma'aikata a 2014, amma likitocin hanta na can su ne suka fi ɗaga murya a kan illar wasu haɗe-haɗensa. A 2021 likitoci a Mumbai suka ba da rahoton mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan wani ganye mai suna giloy, wanda aka yi ta tallatawa lokacin korona. Tun a 2004 wani bincike a birnin Boston na Amurka ya gano cewa ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurveda da aka saya a shaguna na ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar arsenik. Abin lura kuma, attajirin da hantarsa ta gaza idan ya tafi Indiya, asibitin dashen hanta yake nufa. Talaka ne ake kawo wa kwalba har gida.

Jiƙon gida ma bai tsira daga wannan tambaya ba. Mai maganin gargajiya na da matsayi a cikin al'umma, kuma sau da yawa shi kaɗai ne a kusa, shi ke sauraro, shi ke ɗaga ƙafa a biya bayan girbi. Amma duk abin da aka sha ta hanta yake bi, kuma hantar da ta riga ta raunana ba ta jure haɗin da ba a san adadinsa ko abin da ke cikinsa ba. Lambar NAFDAC da ake nunawa a jikin kwalba ma a fahimce ta: a kan yawancin magungunan gargajiya, lambar na nufin an duba ba a ga guba nan take ba, ba ta nufin hukumar ta shaida maganin yana warkarwa.

Inda masu tallar Ayurveda suka yi gaskiya shi ne batun abinci, domin abinci rabin jinyar ne. Matsalar ita ce abin da aka saba yi a gidaje kusan kishiyar abin da ake buƙata ne. Da zarar an ce hanta, sai a hana majinyaci nama da ƙwai da wake, a bar shi da koko da rake. Mai sirosis kuwa jikinsa cin kansa yake yi, kuma rama na gaggauta ajalinsa. Yana buƙatar abinci mai gina jiki fiye da mai lafiya: wake, ƙwai, kifi, nonon da aka dafa, waken suya, nama daidai gwargwado, da ganye irin su zogale da rama a cikin miya. Ya ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kuma kada ya kwanta da yunwa. Kofin fura da nono kafin barci na rage zaizayewar tsoka cikin dare.

Abin da ya kamata a rage shi ne gishiri, musamman ga wanda ruwa ya fara taruwa a cikinsa ko ƙafarsa. Kimanin ƙaramin cokali ɗaya ne a yini gaba ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen magi da kanwa. Kunun kanwa da ake dama wa marar lafiya don tausayi na iya ƙara masa kumburi. Sai gyaɗa da masara, waɗanda ake nomawa ake kuma ci a yankin. Idan suka yi fumfuna a rumbu saboda danshi suna ɗaukar gubar aflatoksin, wadda idan ta haɗu da cutar hanta nau'in B take ninka haɗarin ciwon dajin hanta. Al'adar kai mai kyau kasuwa a bar ruɓaɓɓiya don ƙuli-ƙuli da miyar gida al'ada ce mai tsada. A busar da amfani sosai, a tsince lalatattun a zubar.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin tiren mai tallar magani. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen na iya jawo wa mai sirosis zubar jini da lalacewar ƙoda. Paracetamol ya fi sauƙi, amma kada ya wuce ƙwaya huɗu ta miligiram 500 a yini. Wanda ke da ruwa a ciki ko ya taɓa aman jini ya tuntuɓi likita kafin azumi, tunda addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, rikicewar hankali, ko zazzaɓi da ciwon ciki, duk alamu ne na a nemi mota zuwa asibiti a daren, kada a jira wayewar gari.

Duk wannan nasiha ba za ta yi tasiri ba muddin mai kwalba ya fi asibiti kusa. Daga Toranke zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sai an bi ta Gaya da Wudil, a biya mota, a biya gwaji, a nemi wurin kwana. Gwamnatin Kano ta yi abin a yaba da dokar gwajin lafiya kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024, wadda ta haɗa da cutar hanta. Amma takardar da ta ce mutum na ɗauke da cuta, ba tare da an nuna masa inda zai je ba, tura shi take yi hannun masu talla, wani lokaci ma ta rushe auren da allurar rigakafi ga ɗaya ɓangaren za ta iya cetowa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jiha ba. Ƙananan asibitocin mazaɓun Ajingi su samu kayan gwajin nau'in B da C na ɗan yatsa, a gwada kowace mai juna biyu. Babban Asibitin Gaya ya samu tsayayyiyar ranar ganin masu ciwon hanta, da hoton ciki duk wata shida kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ta tabbatar tenofovir na isa ga manomi a farashin da zai iya, domin yanke shan sa na iya tayar da cutar da ƙarfi. Allurar rigakafin da Najeriya ta sa a jadawalin yara tun 2004 ana son a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa, kuma tunda yawancin matan karkara a gida suke haihuwa, sai an haɗa da ungozoma da mai unguwa kafin ta isa kan lokaci.

Masarautar Gaya da limaman Juma'a na da bakin da wanzami zai saurara ya riƙa sauya reza ga kowane kai. NAFDAC da gidajen rediyo kuma su daina barin kowa ya sayi minti goma ya yi shelar yana warkar da hanta. Mai maganin gargajiyar da ya ga ido ya yi rawaya ko ciki ya kumbura ya ce a tafi asibiti, ya ceci rai kuma bai rasa mutuncinsa ba.

Ga iyalan da ke jinya a yau, kuɗin kwalba uku na iya biyan gwajin da zai faɗi sunan cutar. Idan an samu mutum ɗaya a gida, a gwada matarsa da 'ya'yansa da 'yan uwan da suka fito ciki ɗaya, a yi wa waɗanda ba su kamu ba allura tun kafin shawara ta sake leƙo gidan.