Me Ya Sa Yau Babu Makaranta?

Duk shekara gwamnatin tarayya tana ba da hutu ranar 25 da 26 ga Disamba, tana ba da na Juma'a da Litinin ɗin Ista. Yaro ɗan shekara shida a Nassarawa zai tashi ya ga ba a shirya shi ba, ya tambayi dalili. Amsar da ake ba shi a gidaje da yawa ita ce: "Bikin arna ne, ba ruwanka." Da wannan amsa muke faɗa. Ba tarbiyya ba ce, lalaci ne aka naɗa wa rawani.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun san inda tambayar take zuwa idan an kore ta daga falo. Waya take shiga. Tsarin da ke jero wa yaro bidiyo a YouTube bai damu da gaskiya ba, abin da aka gina shi a kai shi ne ya riƙe ido. Sai yaron ya taso da Kirsimetin Amurka: tsoho mai farin gemu da jar hula, dusar ƙanƙara, kyaututtuka. Kirsimetin Sabon Gari kuwa, da 'yan mintoci ke tsakaninsa da ƙofar gidansu, bai san komai a kansa ba: sababbin kaya, shinkafa da kaza, zuwa coci, da motocin da ke cika da masu tafiya gida ganin dangi. Wato dai kusan duk abin da shi ma yake yi da Sallah.

Za a ce tsoron aƙida ake yi. To, wa ya ce bayani shiga ne? Ana iya gaya wa yaro cewa Kiristoci suna murnar haihuwar Annabi Isa (AS) ne, wanda labarin haihuwarsa yake cikin Suratu Maryam, sura ta 19, kuma sun ɗauke shi ɗan Allah, mu ba mu yarda da haka ba. A Ista sun yi imani an gicciye shi ya tashi. Alƙur'ani ya ce ba a gicciye shi ba. Jimla biyu ke nan, kuma yaron ya fita da sanin addininsa fiye da yadda ya shigo. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib a gaban Najjashi, sarkin Habasha Kirista, daga surar nan ya karanta, bai ɓoye saɓani ba, bai kuma yi zagi ba. Ballantana mu Kanawa, da muka shafe shekara da shekaru muna kallon Indiyawa suna watsa wa juna garin kala suna kunna fitilu a fim, ba mu ji wanda ya wayi gari yana bautar saniya ba.

Makarantun kuɗi na unguwar nan ma ba su fita ba. Lokacin darasin addini ana raba aji biyu, kowa ya bi malaminsa, kuma hakan daidai ne. Amma daga nan shiru. Yarinyar da ke zaune benci ɗaya da Aisha ba ta san dalilin yanka rago ba, alhali labarin Annabi Ibrahim yana cikin littafinsu, sai dai su Ishaƙu suke cewa, mu Isma'ila. Iyayenta su ma suna da tasu gajeriyar amsar, kuma ba ta fi tamu kyau ba.

Garin nan ya san kuɗin jahiltar maƙwabci. Ya biya a Oktoban 1991, lokacin rikicin zuwan Reinhard Bonnke, ya sake biya a Mayun 2004. Waɗanda suka ɗauki makami ta kowane ɓangare sun taɓa zama yara masu tambaya.

Abin haushin shi ne masarauta ta riga mu. A Hawan Nassarawa, Sarki kan je gidan gwamnati, ayarin kuma ya ratsa Sabon Gari, 'yan kudu su fito bakin titi da 'ya'yansu a kafaɗa suna kallon dawaki. Su ana kai musu Sallarmu har ƙofar shago. Abin da muke nema daga shugabannin makarantu bai kai haka ba: minti 10 a taron safe na ranar da za a tafi kowane hutun addini, malami ya tsaya ya faɗi bikin na su wane ne, me suke tunawa da shi, kuma me ake ci.